Ƙarfen Bayan Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakar gidanmu na haya a Jega ba, taɓo har ƙugu, ɗiya kwance a tabarma, sandar jan ƙarfe a hannuna kamar mai shirin fita farauta. Har yau idan na bi ta gaban mai shayin bakin layinmu sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "A ba Injiniya hanya." Ni ce Injiniyar. Ni da karatuna bai wuce firamare ba (shi ma rabinsa a gonar gero na yi shi).

Bari in ɗauko daga tushe, don kada ku ce da hauka aka haife ni.

Ni 'yar Kuberi ce, can ƙasar Maiyama, aure ne ya kawo ni Jega. Kafin wannan ɗiyar na haihu sau biyu. Na farin ya zo babu rai. Na biyun, namiji, har ya fara rarrafe zazzaɓi ya ɗauke shi. A gadon asibiti ya cika, shi ya sa ko ƙofar asibiti ba na son gani. (Sai da ya gama galabaita muka kai shi, na sani. Amma zuciya ta fi son ta ɗora wa gini laifi.) Da na samu ciki na uku innata ta ce ko ana ha-maza-ha-mata a gida zan haihu in yi wanka. Ita ce ta laƙaba wa jaririyar Ayashe, irin sunan da ake ba ɗiyan mai wabi, wai ko mutuwa za ta ɗauka ba a damu da ita ba ta wuce. Ta riƙe mu a Kuberi har Ayashe ta fara zama.

Ranar da za mu komo ta ja ni ɗaki ta ce, "Jega ba Kuberi ba ta. Gidan haya kike, ba ki san cikin kowa ba. Ki sa ido, ki kama bakinki." Na riƙe rabin farko na maganar, na biyun kuwa tun kafin mu kai Maiyama ya faɗi daga kan mashin.

Na iske gidan ya ɗan canza. Bayan tafiyata masu wuta sun bi unguwa gida-gida sun kafa sabuwar mita, irin mai kati. Tamu tana bakin zaure ta waje, cikin akwati ruwan toka, da wata 'yar jar wuta mai ƙifta ido. Wannan bai dame ni ba, mijina, Baban Ayashe, ya gaya mini a waya. Shi kansa ban cika ganinsa ba, don lokacin albasa ne, yana Aliero wurin lodin manyan motoci, wani zubin ma ya bi kaya har Kudu.

Ɗakin da ke kallon nawa na Gwaggo Tumba ne. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Gawayi take ƙullawa a leda tana sayarwa, da gishiri da magi da ashana a faranti. Ita ce ta wanke mini ɗana na biyu aka kai shi makwancinsa. Ranar da na komo da Ayashe har rawa ta taka a tsakar gida, ta karɓe ta tana cewa, "Ga kishiyata ta iso! Ke, da wanga hanci za ki ƙwace mani miji?" Tun daga ranar, in ina girki Ayashe na bayanta, in ina wanki tana cinyarta.

To, ni Allah ya yi ni da ido. Ba abin da ke wuce ni, fahimta ce dai ke zuwa a makare. Na lura kullum da safe Gwaggo na ɗaukar buta ta zaga lungun bayan ɗakina. Na leƙa ta taga, na ga tana tsiyaya ruwa a ƙasa, a gindin bango, wurin da babu ko tsiron ciyawa. Bakinta na motsi. Ƙasar wurin kuma ba irin ta kewaye ba ce, da gani an taɓa tona ta an mayar.

Wata safiya na daure na ce, "Gwaggo, mi kika shuka nan?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ƙarhe na, ɗiyata. Ina ba shi ruwa ko Allah shi sa shi yi 'ya'ya." Ta girgiza butar ta ƙara da cewa, "An ce kada in bari wurin shi bushe."

An ce. Wa ya ce? Tambaya ɗaya ke nan, gajeriya, wadda ko ɗan yaye zai iya yi. Ban yi ta ba. Na koma ɗaki ina tuna labaran da na taso ina ji a Kuberi: wadda aka binne wa ƙaho a bakin ƙofa, wadda aka tono wa ƙwarya da allurai a ƙarƙashin murhu bayan ta binne 'ya'ya huɗu.

Cikin wannan zafin na bazara Ayashe ta fara gudawa. Jiki ya yi zafi, ta rage kama nono. Na ba ta jiƙon da inna ta haɗo ni da shi. Kwana ya bi kwana, idanunta suka zurma, maɗigarta ta lotsa har ina iya ganin ramin daga inda nake tsaye. Na kira Baban Ayashe, yana cikin mota can hanyar Kudu, maganar na yankewa, abin da na ji kawai shi ne, "Ki kai ta asibiti." Gwaggo ma haka. Ta shigo har ɗaki da kofi a hannu ta ce, "Ga ruwan gishiri da sukari, ki riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan. Amma ɗiyar ga ta wuce jiƙo, ki tashi mu tai asibiti."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Tana fita na tuttular a makwarara. (Ku riƙe wannan gishirin a ranku, zai dawo.) A lissafina na lokacin, duk mai tura ni asibiti so yake in koma inda na baro ɗana.

Ranar kasuwar Jega gida ya watse. Gwaggo ta tafi saro kaya, Asabe matar ɗaya ɗakin ita ma ta fita, maza dama tun safe ba su nan. Na goya Ayashe, jikinta kamar garwashi a bayana, na ɗauko wata tsohuwar hauya da adda na shiga lungu.

Ba na yabon kaina, amma tona ƙasa ba a koya wa 'yar Kuberi. Ban yi nisa ba hauya ta fara fito da baƙi. Gawayi. Irin na Gwaggo sak. Na ƙara sara sai ga fari-fari ya dunƙule da danshi. Na ɗanɗana a harshe: gishiri. Gishiri a rami, gishiri a kofi! Na ci gaba da yaƙutar ƙasa da hannu har na taɓa kan wani jan ƙarfe a tsaye, an ɗaure masa waya mai launi biyu, tsanwa da ruwan ɗorawa. Na bi wayar da yatsa. Ta wani ɗan rami ta shige bangon ɗakina, daidai inda nake aza kan Ayashe in za ta yi barci.

Me kuma nake jira? Na sa adda na datse wayar. Na yi ta haƙa har ramin ya kai mini ƙugu, ruwan da Gwaggo ke zubawa ya mai da ƙasar taɓo. Na kama ƙarfen ina jijjigawa kamar mai tuge rogo, ina karanta duk surar da na iya. Rana ta take tsaka kafin ya fito. Wajen nan ne na lura Ayashe ta daina kuka. Wallahi murna na yi. Na ce asiri ya fara karyewa. Ashe ƙarfin kukan ne ba ta da shi.

Na yar da ƙarfen a lungu, na cika kwano da gawayin da gishirin, na fito tsakar gida daidai Gwaggo na sauke kayanta.

Abin da na faɗa mata ba zan iya rubuta shi duka ba. Na dire mata kwanon a gaba. Na kira ta da sunan nan da in aka liƙa wa tsohuwa marar ɗa, har kabari yake bin ta. Na ce mayya. Na ce ta cinye mini biyu, ba za ta ci ta uku ba. Da ƙarfi na faɗa, har matan maƙwabta suka fara shigowa, wasu da muciya a hannu.

Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta ce, "Ɗiyata, aikin masu mita na. Su sunka sayi gawayin da gishirin wurina."

Na ce, "Mita na bakin zaure! Mi ya kawo mita bayan ɗakina? Mita na cin gishiri?"

Mata suka ce, "Ƙwarai kuwa." Kwano kawai suka gani, da ɗiya a sanƙame, da uwa tana kuka. Wata da ko sunana ba ta sani ba ta ce ita dama ta daɗe tana lura da idon tsohuwar nan. Wata ta ce a sa ta tsallaka yarinyar, in ta kama kurwarta ta saki. Aka shimfiɗa tabarma. Ni da hannuna na kwance Ayashe na kwantar.

Na ce, "Ki tsallaka ta."

Gwaggo ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Wata ta ce sai ta cire ɗankwali, ta sa hannu ta cire da kanta, furfura ta bayyana a gaban yaran da ke leƙe ta zaure. Ta tattare zanenta ta tsallaka. Ta juyo ta sake tsallakawa. Sai ta duƙa kamar za ta taɓa goshin Ayashe, ta tuna, ta janye hannunta.

Ta ce, "Na tsallaka. To ku kai ta asibiti."

Ana cikin haka aka yi sallama, mai unguwa ya shigo, wani ya kai masa labari. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yarinya, abin da kika tono ke nan duka?"

Na ce akwai babban. Na ruga lungu da gudu (da gudu fa, kamar wadda za a ba kyauta), na jawo ƙarfen, na fito na ɗaga shi sama don kowa ya gani, guntun wayar na reto.

Kowa ya zuba wa ƙarfen ido. Na ɗauka tsoro ne ya kama su.

Sai matar da ta ce a cire ɗankwali ta ce a hankali, "Af. Irin wanga na bayan kicin ɗinmu."

Wata ta ce, "Mu ma anka sa muna, gindin zaure. Har da wayar, tsanwa da ɗorawa."

Asabe, wadda shigowarta ke nan da kaya a kai, ta ce, "La ilaha illallahu! Ke, mi kika aikata? Ranar da anka binne shi ina tsaye!" Ƙanwarta da ta biyo ta daga Aliero ta ce ai su ma can duk gidan da aka kafa wa mita sai da aka yi masa haka. Wani ɗan acaɓa ya leƙo daga zaure ya ce ko a Maiyama haka ne, shi ya ɗauko masu aikin da ƙarafansu.

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "Akwai shi gidana. Akwai shi bayan masallaci."

Hannuna na sama har lokacin. Ban san yadda ake sauke shi ba. In dai asiri ne, to ba ni kaɗai aka yi wa ba, an yi wa Jega da Aliero da Maiyama, har da liman.

Aka kirawo Malam Bala mai wayarin daga shagonsa na bakin titi, shi ne ya yi aikin gidanmu. Ya karɓi ƙarfen, ya leƙa ramin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ke kaɗai kika haƙa wanga? Mu uku munka wuni kanshi." Wasu suka fara dariya, ya ɗaga musu hannu. Ya ce kamfanonin wuta ne suka haɗa kai a kan ƙa'ida ɗaya, don a daina kowa da salonsa: akwatin mita iri ɗaya, inda ake kafa shi iri ɗaya, launin waya iri ɗaya, yadda ma'aikaci ko daga wane gari aka turo shi, da ya ga tsanwa da ɗorawa ya san ta ƙasa ce. In ba su ga ƙarfen nan a binne ba, ba za su kafa wa gida mita ba. Gishiri da gawayi kuwa don ƙasa ta riƙe danshi ne, shi ya sa ya roƙi Gwaggo ta riƙa zuba ruwa da rani, tun da ita ce kullum a gida.

Ya ce, "In wuta ta ɓace hanya ta shiga jikin firji ko dutsen guga, ta nan za ta bi ta nutse ƙasa. In babu shi, ta jikin wanda ya taɓa za ta bi. Ɗiyarki ta kusa rarrafe, ko? To mai gadinta kika tuge."

Ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya ce ba mai kunna ko ƙwai sai an mayar.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa na riga na haƙa ramin daidai ni. Matan da suka taya ni suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ba wadda ta dubi Gwaggo. Ita kuwa ta ɗaura ɗankwalinta, ta dubi mai unguwa, ba ni ba, ta ce, "Ranka shi daɗe, in an gama da ƙarhe, ɗiyar ga na mutuwa."

Sai a lokacin na dubi tabarma. Ayashe ido a kafe, baki a bushe, numfashi sama-sama. Duk tsawon shari'ar nan tana kwance a rana.

Ɗan acaɓan nan na Maiyama ne ya kwashe mu. A asibiti suka yi ta neman jijiya a hannu ba su samu ba, sai a kai suka sa mata ƙarin ruwa. Malamar da ke aikin ta ce ruwan jikinta ne ya ƙare, da na ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ta tambaye ni ko ban san ana ba yaro ruwan gishiri da sukari ba. Na ce na sani. Ta dubi taɓon da ya bushe mini har ƙugu ta ce, "Daga gona kike?" Na ce eh. Ita ce ƙarya mafi sauƙi da na taɓa yi.

Ayashe ta tashi. Allah ya bar mini ita, ba don wayona ba.

Kullum muna asibiti sai na ga kwanon kunu a bakin ƙofar ɗakin, an rufe da faifai. Na san faifan. Amma mai shi ba ta taɓa shigowa ba. Da muka komo gida, Baban Ayashe ya sa ni gaba har ɗakinta, na durƙusa ina kuka na roƙi gafara. Ta ce, "Na yahe miki, ɗiyata. Wanda ya binne biyu ba a ganin laihinshi." Mai unguwa ya sa an faɗa a masallaci cewa ƙarfen na masu wuta ne. Amma magana in ta fita ba ta da igiya. Akwai gidajen da har yau ba sa aiken yaransu sayen gishiri wurinta, sun gwammace su tsallaka titi.

Malam Bala ya mayar da ƙarfen, da sabon gawayi da sabon gishiri. Gwaggo ta ce a nemi wani ya riƙa ba shi ruwa, ita ƙugunta ya gaji. Ni ke yi yanzu. Kowace safiya ina zagawa lungu da buta, in tsiyaya, in yi bisimilla, bakina na motsi kamar yadda nata ke yi.

Ayashe ta fara tafiya. Ba inda ƙafarta ta sani sai ɗakin da ke kallon namu. Takan tafi tana tangaɗi, ta kama labule, ta miƙa hannu biyu a ɗauke ta. Sai in ji muryar Gwaggo ta ɗaga, yadda duk gidan zai ji:

"Uwar Ayashe! Zo ki ɗauki ɗiyarki. Ga ta nan tsaye, ban taɓa ta ba."

Ba da faɗa take faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Abin da na koya bai da yawa, kuma da tsada na saye shi. In kin ga abin tsoro a bayan ɗakinki, kafin ki ɗauko hauya, leƙa bayan ɗakin maƙwabta. In suna da irinsa, to ki mayar da hauyar, ki ɗauki ɗiyarki ki kai ta asibiti. Waya in an datse ta Malam Bala na iya haɗawa kafin la'asar. Wadda na datse a tsakar gida har yau ban samu mai wayarin ɗinta ba.